Makiyayin Ciyawa: Sana'ar Kula da Filin Wasa

Ranar da Kano Pillars ke da wasa a gida, tun bayan Azahar hanyar Ƙofar Mata take fara cushewa. Masu rake da masu ruwan leda sun kama wuri, samari na ta "Sai Masu Gida!" Duk wanda ya kutsa cikin filin Sani Abacha, idonsa na kan 'yan wasa ashirin da biyu da alƙalinsu. Babu mai tambayar wanda ya ɗaura raga, ko wanda ya kwana yana lallaɓa janareto, ko wanda ya tabbatar akwai ruwa a ɗakin canza kaya. Ba a tuna wannan bawan Allah sai ranar da fitila ta ɗauke ana tsakar wasa. Ran nan kam har sunan kakansa sai an nemo.

A takarda sunansa manajan filin wasa. A ƙarƙashinsa akwai leburori, da mai gyaran wuta, da mai gyaran famfo, da mai sito, da masu gadi da masu shara. Amma in ka zauna ka lura da yininsa, sana'a uku yake yi a riga ɗaya: noma, da kanikanci, da ciniki. Akwai ta huɗu da ba a rubuta masa a takardar kama aiki ba, wato zaryar ofis.

Mu fara da noman, don shi ne uwa. Filin ƙwallo na gasar ƙasa da ƙasa tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, wato murabba'in mita 7,140, ya ɗan gaza eka biyu. Gona ce da ba a girbe komai a cikinta, ga shi kuma ana tattake ta da takalmi mai ƙusa. Ciyawar da ta fi jure zafin ƙasarmu dangin ƙiri-ƙiri ce, wadda manomi ke tsinewa a gonarsa saboda naci. To nacin nan shi ake nema a fili, domin tana yaɗo ta rufe inda aka ƙwaƙule. Sai dai ba ta yafe ƙishirwa. In za a jiƙa filin da ruwa mai kaurin milimita biyar kacal, lissafi ya ba da lita 35,700, jarka mai cin lita 25 sama da 1,400 ke nan, kuma a watan Afrilu wannan ban ruwan yini ɗaya ne. Shi ya sa filin da ba shi da rijiyar burtsatse mai ƙarfi da tanki da injin turo ruwa, ko daga ina aka kawo ciyawarsa, kafin damina ta zagayo ya zama filin Idi.

Da asuba ake ba da ruwan, kafin rana ta ɗaga ta shanye rabinsa. Yanka ma da ƙa'idarsa. Ba a barin ciyawa ta wuce santimita uku ranar wasa, ba a kuma cire fiye da sulusin tsayinta a yanka ɗaya. Wuƙar inji in ta dakushe ba ta yanka, yaga take yi, bayan kwana biyu sai ka ga saman filin ya yi ja kamar an babbake. Ƙasa in ta danƙare saboda tattaka sai a bi ta da ƙarfe ana hudawa, a watsa yashi, iska da ruwa su samu hanya. Gaban raga, inda mai tsaron gida ke tsayawa, shi ke fara yin sanƙo, don haka ƙwararre yakan ware ɗan fegi a bayan fili yana renon ciyawar da zai yanko ya yi faci. Da hunturu ciyawa ta ja baya da girma, ƙura ta toshe bakin famfunan feshi. Da damina kuma aya-aya ta fito, magudanun ƙarƙashin ƙasa su cika da laka. Gara kuwa ba ruwanta da lokaci.

Wannan wahala ce ta sa jihohi da dama suka koma ciyawar roba, a zaton an rabu da ɗawainiya. Ba a rabu ba, an dai sauya mata kama. Ita ma tana son a riƙa taje ta da inji don gashinta ya miƙe, a ƙara mata garin robar da ke tsakankaninta, a liƙe inda ta ɓalle. Tsakar rana tana ɗaukar zafin da ke ratsa takalmi. Kuma tana da wa'adi, shekara takwas zuwa goma in ta samu kulawa. Bayan nan abin da ya rage tabarma ce a kan tsakuwa, gwiwar 'yan wasa ce ke biyan kuɗin.

Wurin sayayya ake gane manajan da ya san abin da yake yi. Wanda bai ƙware ba yana tambayar farashi ne kawai. Wanda ya daɗe a harkar tambayarsa daban: in bel ɗin injin nan ya tsinke, ana samunsa a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko sai an aika Legas? Akwai makanike a garin nan da ya taɓa buɗe irinsa? Man nawa yake sha a awa? Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba ta tabbatar da komai. Injin yankan ciyawa na miliyoyi da ya tsaya saboda ƙaramin ƙarfen da babu shi a ƙasar, ai gara mai sauƙin kuɗi da kowane mai gyaran babur zai iya tayarwa. Ni a ganina, a shiga sito a duba littafin shige da fice kafin a duba ciyawa. In an rubuta ranar da aka sauya wa janareto baƙin mai, da adadin ragar da ta rage, da buhun takin da aka fitar, to filin yana hannu nagari. In littafin ya yi ƙura, komai koren da ka gani na ɗan lokaci ne.

Sai dai sau da yawa ba manajan ke zaɓen kayan ba. Akasarin manyan filayen Najeriya na gwamnati ne, sayayya kuma sai ta bi ta hanyar kwangila. Tun 2007 akwai dokar sayen kayan gwamnatin tarayya, jihohi ma suna da nasu. Doka ba laifi ba ce. Matsalar tana cikin yadda aka raba kasafin kuɗi gida biyu, manyan ayyuka da ayyukan yau da kullum. Sabuwar fitila babban aiki ce, akwai yanke ƙyalle da ɗaukar hoto. Man dizal ɗin da zai kunna ta kuwa sai an rubuta takarda, fayil ya hau tebur ya sauka, ciyawa kuma ba ta san ana jiran sa hannun babban sakatare ba.

Misalin yana Abuja. An gina babban filin ƙasa mai cin mutum kusan 60,000 don wasannin Afirka na 2003, a 2019 aka sa masa sunan Moshood Abiola. Ciyawarsa ta lalace har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sake shimfiɗa ta, aikin da aka fara a 2020. A watan Maris na 2022 aka buga da Ghana a kanta, aka tashi 1-1, Najeriya ta rasa gurbin Kofin Duniya, 'yan kallo suka afka fili suka yi ɓarna. Ba a jima ba aka koma ƙorafi a kan ciyawar, manyan wasannin Super Eagles suka tattara suka koma Uyo. Filin Uyo, wanda aka buɗe a 2014, ba wani sihiri gare shi ba. Kamfanin Julius Berger da ya gina shi aka bar wa kwangilar kula da shi na shekaru, wato an sa kuɗin kulawa a lissafi tun ran gini. Kano da Kaduna da Bauchi duk sun karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Kowane karo an yi gyara na gaggawa gab da zuwan baƙi, irin fafe gora ranar tafiya, baƙi na juya baya famfon kuɗin ya ƙafe.

Ga kuma 'yan haya. Fili mafi girma a gari kowa na sonsa: taron siyasa, wa'azi, faretin makarantu, bikin rantsar da gwamna. Kuɗin hayar yana da amfani in ya dawo wa filin, duk da cewa ba kullum yake dawowa ba. Amma rumfa ɗaya da aka kafa da turakun ƙarfe tana iya huda bututun ban ruwa, motar da ta shigo da kujeru kuma ta bar sawun da sai an yi wata ana cikewa. Manaja yakan roƙi a shimfiɗa katako, a tsaya a gefen hanyar gudu. Wani lokaci a ji maganarsa. In umarnin daga sama ya zo, sai ya ce "to, ranka ya daɗe", ya koma gefe yana ƙirga asara.

Abokan sana'arsa na Nijar masu kula da filayen kokawa, inda ake gasar Takobi tun 1975, ba su da ciyawa, amma ba su huta ba. Yashin sai an tankaɗe shi an tsince tsakuwa da kwalba, a baje, a jera buhunan da ke zagaye da'irar, don bayan ɗan kokawa ne zai sauka a kai.

Bayan an busa tashi 'yan kallo sun watse, aikin mai filin ciyawa yake dawowa sabo. Leburori su jeru tun daga wannan raga zuwa waccan, kowa da ɗan cokalin ƙarfe a hannu, suna mayar da duk ɓangaren da takalmi ya ɗaga, suna dannawa da ƙafa. In aka bari ya kwana saiwar ta bushe. Sai an gama wannan a kwance raga a kai sito saboda rana da ɓarayi, a auna man da ya rage a janareto, a rubuta a littafi, sannan a buɗe ruwa.