Ranar da Na'urar Tuƙin Jirgi ta Saki Aiki

Tafiya a jirgin sama tana ɗaukar awoyi da yawa. Riƙe sitiyari tun daga tashi har sauka yana gajiyar da matuƙi. Saboda haka aka ƙera wata na'ura mai tuƙa jirgi da kanta. Wani Ba'amurke, Lawrence Sperry, ya gwada ta gaban jama'a a Faransa cikin 1914.

Yaya take aiki? A cikin na'urorin farko akwai wani ƙarfe mai juyawa da sauri kamar katantanwa. Muddin katantanwa tana juyawa, ba ta faɗuwa. Haka wannan ƙarfe yake tsayawa daidai. In jirgi ya karkata, na'urar ta gane, sai ta motsa ɓangarorin fukafukai da na wutsiya, jirgi ya miƙe.

Cikin 1958 jirgin jet Boeing 707 ya fara ɗaukar fasinja. Ya fi jiragen farfela sauri ƙwarai. A irin wannan gudu, ƙaramin kuskure nan da nan yake zama babba.

Daren 3 ga Fabrairu 1959, wani Boeing 707 na kamfanin Pan Am ya tashi daga Landan za shi Amurka. Mutum 129 ne a cikinsa. Yana bisa tekun Atlantika, wajen mita 10.700 a sama. Babban matuƙi ya tashi ya tafi wajen fasinjoji. Mataimakinsa ya duƙufa kan takardun tafiya. Sai na'urar tuƙi ta saki aiki. Akwai ƴar fitila mai ba da gargaɗi, amma an rage haskenta, ba wanda ya lura.

Jirgi ya karkata sannu a hankali, ya sunkuyar da kai, ya nufi teku yana juyawa. Da ƙyar babban matuƙi ya kai ga kujerarsa. Ya rage ƙarfin injuna, ya daidaita fukafukai, sa'an nan ya ɗaga kan jirgin. A lokacin, saura wajen mita 1.800 su faɗa ruwa. Suka sauka a Gander, ƙasar Kanada. Jirgin ya lalace sosai, amma ba wanda ya mutu.

Masu bincike suka ce babban dalili shi ne rashin sa ido. Na'ura mataimakiya ce, ba ta maye gurbin mutum. A jiragen yau, in ta saki aiki, ƙararrawa take bugawa da ƙarfi, ba fitila kaɗai ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin na'urar tuƙi?
2. Don me mataimakin matuƙi bai ga gargaɗi ba?
3. Mita nawa jirgin ya gangaro?