Tafiyar Leda Daga Kasuwar Mafara Zuwa Tumbin Akuya

Ranar Talata da yamma, idan kasuwar Mafara ta watse, iska ce ke fara shara. Sai ta kwashi baƙar leda da farar ledar fiya-wata, ta rataye wasu a kan ƙaya, ta tura saura cikin kwata. Mai tumatir ya ba da ɗaya, mai manja ya ninka biyu, mai koko ma a leda take ƙulla shi da zafinsa. Aikin kowace ɗaya na 'yan mintoci ne, amma daga man fetur ake yin ta, kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye da kara ba sa iya cin ta. Rana dai takan farfasa ta, ɓarɓashin ya yi zamansa cikin ƙasa shekara da shekaru.

Mahauta sun fi kowa sanin inda take ƙarewa. Akuya ko saniya ta ji gishiri da maiƙo a jikin leda, ta lasa, ta haɗiye. Tumbi ba ya narkar da ita, sai ta dunƙule ta tare wurin abinci. Dabba ta rage ci, ciki ya kumbura, jiki ya rame, mai ita ya yi ta asarar kuɗi a maganin tsutsa. Sai ranar yanka a zaro curin leda, wani lokaci har da igiya da tsumma. Likitan dabbobi yakan iya tsaga ciki ya fitar, to amma makiyayi nawa ne ke kai akuya tiyata?

Gona ma ba ta tsira ba. Takin juji da ake kaiwa a amalanke da jakai yanzu cakuɗe yake da leda, wadda ke hana ruwa ratsa ƙasa, ta kuma tare wa saiwa hanya. A Talata Mafara da Bakura da Maradun abin ya fi nauyi, domin noman rani ya dogara da madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato. Ledar da ta faɗa magudanar ban-ruwa takan haɗu da ciyawa da laka ta toshe ƙananan mashigai, kuma manomin shinkafar da ke can ƙarshen layi ne ke jira. Ƙona ta kuwa, musamman hura wutar girki da ita, hayaƙin guba ne kai tsaye zuwa ƙirjin mai girki da goyonta.

Ƙasashe sun gwada doka. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan an gano rawar da ta taka wajen toshe magudanai lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Nijar ta kafa tata a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san doka a takarda daban, ƙulli a hannun mai saye daban. Legas ta haramta farin mazubin abincin nan na soso a Janairun 2024.

Mafara ba ta buƙatar jiran madadin leda daga waje. Kwando da sanho na kaba suna ɗaukar cefane, ƙwarya da ludayi suna nan wurin masu fura da nono, ga faifai, ga akushi, ga soson da ke fita a jikin danga. Alala a gwangwani ake dafa ta kafin leda ta karɓe aikin. Duk waɗannan ana maimaita su; ban da gwangwani, idan sun mutu taki suke zama, kuɗinsu kuma a hannun masaƙin ƙauye yake tsayawa. Abin da ya kayar da su abu ɗaya ne: leda kyauta take zuwa. Da Ayalan ta sa mata ɗan haraji a 2002, amfani da ita ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Fiya-wata ce mai wuyar sha'ani. Ba a cewa mutum ya bar ta alhali ruwan rijiyarsa abin shakka ne, ga kwalara na zagayowa da damina. A gida, tafasasshen ruwa cikin randa mai murfi da moɗa guda yana wadatarwa. A tasha da kasuwa kuwa, sai ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun sun kafa famfunan da jama'a za su yarda da ruwansu kafin a yi zancen hana ta.