Gwanin Rawa a Bakin Waɗanda Suka Gan Shi: Misali Daga Ƙasar Kankiya

Gabatarwa

Daga cikin fasahohin Bahaushe babu wadda ta kai rawa saurin ɓacewa. Ana rubuta waƙa, ana naɗar kiɗa, amma rawa da zarar an tashi daga dandali, sai abin da ya saura a zukatan 'yan kallo. Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya rasu a 1999, amma muryarsa tana nan a faifai da kaset. Gwanayen rawa na zamaninsa kuwa, mafi yawansu sai dai a ji labarinsu wurin dattawa.

Abin da Ɗan Kallo Yake Riƙewa

A ɗauki misalin rawar 'yan hoto, wato rawar manoma da aka sani a ƙasar Katsina. Mai rawa yakan fito da warki da layu, riƙe da garma, makaɗi yana yi masa take. Idan dattijon Kankiya ko Kusada zai ba da labarin irin wannan gwani, abubuwa uku yakan ambata.

Na farko shi ne taku, wato yadda ƙafa take faɗuwa daidai da bugun ganga, ba gaggawa ba jinkiri. Na biyu shi ne jituwarsa da makaɗi, har a rasa gane wa yake jan wani. Na uku shi ne bajinta: ya wurga garma sama, ya juya, ya cafe ta, alhali kuskure kaɗan rauni ne. A wannan lokaci ne fili yakan yi tsit, sannan guɗa ta ɓarke. Haƙiƙa wannan fargaba ce take dasa abin a zuci, domin abin da ya kaɗa hanjin mutum ba ya mantuwa.

Kwatanci da Turai

Wannan matsala ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Anna Pavlova, 'yar Rasha, gwanar rawar bale wadda ta rasu a 1931, ta yi suna da kwaikwayon tsuntsuwa mai gargarar mutuwa. Hotunan majigi kaɗan ne suka rage nata, saboda haka shaharar tata ta dogara ƙwarai ga shaidar waɗanda suka gan ta. Sai dai Turawa sun nemi magani, domin a 1928 Rudolf Laban ya fito da hanyar rubuta motsin jiki da alamomi.

Kammalawa

Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma inda gani ya wuce, ji shi ne madogara. Ya kamata ɗaliban Hausa su nemi dattawan da suka halarci irin waɗannan wasanni, su rubuta sunayen taku da take da kirari tun masu ba da labarin suna raye. Duk tsohon da ya kwanta dama ba a tambaye shi ba, da gwaninsa ya tafi.