Allurar cike fata

Allurar cike fata, wadda masu sana'ar kwalliya ke kira fila, wani abu ne mai kauri kamar ƙwaro narkakke da ake ɗurawa ƙarƙashin fata da sirinji domin cike wurin da ya lotsa. An fi amfani da ita wajen rage tamojin fuska, musamman layukan da ke gangarowa daga gefen hanci zuwa kusurwar baki, da cike kumatu da ƙwarmin ido, da ƙara wa leɓe kauri. Likitoci kuma suna gyara tabon ƙuraje da ita, da ramar fuska da wasu cututtuka ke haddasawa. Sunan ɗaya ne, amma abubuwan da ake ɗurawa sun sha bamban: wani jiki yana narkar da shi cikin watanni, wani kuwa yana nan har mutuwa.

Bambancinta da Botox

Mutane da yawa suna haɗa allurar cike fata da Botox, alhali aikinsu daban ne. Botox guba ce da aka tace daga ƙwayar cuta, tana sanyaya tsokar da ke tattare fata, don haka ta fi dacewa da layukan goshi da na tsakanin gira waɗanda ɗaure fuska ke fitarwa. Tasirinta kan gushe bayan wata 3 zuwa 4. Ita fila ba ta taɓa motsin tsoka. Gurbi kawai take cikewa, domin da shekaru suka ja kitsen fuska yana raguwa yana zamewa ƙasa, ƙashi yana ɗan zaizayewa, sinadarin kolajin da ke riƙe fata yana ƙaranci.

Tarihi

A shekarar 1893 wani likitan fiɗa na Jamus, Gustav Neuber, ya ɗebo kitse daga hannun mara lafiya ya cike masa wani lotsi a fuska. A 1899 Robert Gersuny na birnin Biyana ya fara ɗura man farafin a jikin mutum, nan da nan kuma aka ɗauki dabarar don gyaran hanci da kumatu. Abin bai yi kyau ba. Farafin yana zamewa daga inda aka sa shi, ya dunƙule ya zama ƙululu mai tauri bayan shekaru. Gladys Deacon, wadda ta auri basaraken Marlborough na Ingila, tana cikin waɗanda aka fi ba da labarinsu: an ɗura mata shi a karan hanci tana budurwa, ya gangaro haɓarta ya ɓata mata fuska. Ruwan silikon da ya yi tashe daga shekarun 1940 zuwa 1960 ma hanyar nan ya bi.

A 1981 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Zyderm, kolajin da aka samo daga fatar saniya. Sai an yi wa mutum gwaji a hannu kafin a yi masa, saboda jikin wasu yana ƙin sa. Babban sauyi ya zo ne da hayaluronik asid. Karl Meyer da John Palmer na Jami'ar Kolumbiya suka fara ware wannan sinadari daga ruwan idon saniya a 1934. Kamfanin Q-Med na Suwidin ya fitar da Restylane a Turai a 1996, FDA ta amince da shi a watan Disamba 2003, Juvéderm ya biyo baya a 2006.

Abin da ake ɗurawa

Hayaluronik asid ba baƙo ba ne a jiki. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15, kusan rabi a fata, kuma aikinsa riƙe ruwa. A da daga zankon zakara ake ciro shi, yanzu kuwa ƙwayoyin bakteriya ake kiwo a masana'anta su samar da shi. Idan aka ɗura shi yadda yake, jiki zai cinye shi cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa ake ɗaure zarurrukansa da wani sinadari don ya daɗe. Yakan kai wata 6 zuwa 18, ya danganta da irinsa da wurin da aka sa shi. Babbar fa'idarsa ita ce yana da makari: akwai wata allura, hayaluronides, da ke narkar da shi cikin sa'o'i idan aiki ya ɓaci.

Sauran ba su da wannan makari. Radiesse yana ƙunshe da ƙananan ƙwayoyin ma'adanin da ke cikin ƙashi. Sculptra kuwa yana zaburar da jiki ne ya saƙa sabon kolajin a hankali, kuma a 2004 an fara amincewa da shi ne don masu ƙanjamau waɗanda kumatunsu suka zurma, sai a 2009 aka buɗe shi ga kwalliya. Bellafill yana ɗauke da ƙwayoyin roba da ba sa narkewa. Shi kuwa ruwan silikon, FDA ba ta taɓa amincewa a ɗura shi don kwalliya ba, amma arharsa ta sa har yanzu 'yan bumburutu suna sayar da shi da sunan fila. Cire shi sai da fiɗa, kuma da wuya a kwashe shi duka.

Illoli

Kumburi, ja da kwanciyar jini abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Akwai kuma ƙululu da ƙurji mai mugunya, waɗanda kan iya ɓullowa bayan watanni.

Haɗari mafi girma shi ne bakin allura ya faɗa cikin jijiyar jini. Abin da aka ɗura sai ya toshe ta, fatar da take shayarwa ta yi fari, ta yi zane kamar raga, ga zafi mai tsanani, in ba a buɗe ba ta mutu ta ruɓe. Jijiyoyin tsakanin gira da na gefen hanci suna haɗe da jijiyar da ke kai jini ido. Matsin sirinji na iya tura fila baya cikin wannan hanya har ta toshe jinin ido, mutum ya makance yana zaune kan kujerar. Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya tattara mutum 98 da ganinsu ya taɓu ta haka, kuma yawancinsu ganin bai dawo ba. Abin ba ya yawan faruwa, amma lokacin ceto ƙanƙane ne: likitoci sukan ƙiyasta minti 60 zuwa 90 ga ido, sa'o'i kaɗan ga fata.

Baƙar fata tana da nata lamarin. Yawan sinadarin launi yana kare ta daga rana, don haka ƙananan tamoji sukan makara kafin su fito, an fi ganin tsufa a saukar kumatu da ƙasan ido. Sai dai wurin da allura ta huda yana iya barin baƙin tabo, kuma mai jikin da tabonsa ke tasowa ya yi tudu, kamar yadda ake gani bayan hujin kunne ko tsagar wanzami, ya kamata ya faɗa wa likita tun farko. Mai shafa man bilicin mai ɗauke da sitiroyid kuwa fatarsa ta riga ta yi siriri, rauni ba ya saurin warkewa.

Doka da addini

A Amurka yawancin waɗannan allurai an amince da su ne ga ɗan shekara 22 zuwa sama, kuma a 2021 FDA ta yi gargaɗi kan wata na'ura mai kama da alƙalami da ke harba fila cikin fata ba tare da allura ba. Ingila ta haramta yi wa ɗan ƙasa da shekara 18 daga 1 ga Oktoba 2021. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta yanke cewa bai halatta a kawar da tamoji da fiɗa ko allura ba, sai in lalura ce ta rashin lafiya kuma an amince ba za a cutu ba.

A Najeriya

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna da kayan asibiti, MDCN kuma ke ba likitoci lasisi. Asibitocin da ke wannan aiki sun fi yawa a Legas da Abuja, amma tallar kayan tana isa kowace waya ta Instagram da TikTok, kuma ana iya aiko sirinji a mota ba tare da an san abin da ke ciki ba. Nisa a nan yana da muhimmanci. A gari kamar Mashi, da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, likitan ido ko na fata sai an je babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Hayaluronides ba magani ne da aka saba samu a kemis ba, kuma ko an samu, hayaluronik asid kaɗai yake narkarwa. Shi ya sa likitocin fata ke nanata cewa a ga kwalin a rufe da lambar rajista, a rubuta sunan abin da aka ɗura da lambar rukuninsa, kuma makarin ya kasance a ɗakin kafin a soke allurar farko.