Gida a kan taya: lissafin wuta, ruwa da zafi da bidiyon TikTok ba ya nuna maka

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya ba ka taɓa cin karo da bidiyon mutumin da ya mayar da motarsa gida ba. Ga gado a baya, ga ɗan madafa, ga firji, ya buɗe ƙofa da safe sai ga teku ko tsauni. Turawa na kiran irin wannan mota motorhome, kuma matashin da ke kallo daga Rikoto a cikin garin Zuru zai iya ɗauka cewa al'amari ne na masu kuɗin Amurka da Jamus kawai.

Amma akwai masu irin wannan rayuwa a kusa da mu. Direban babbar mota da ya ɗauko hatsi ko shanu daga ƙasar Zuru, ya bi ta Rijau da Kontagora, ya ratsa Mokwa da Jebba zuwa Ilori da Legas, yakan yi kwanaki motarsa ce ɗakinsa. A cikinta yake kwana, yake ajiye kayan sawa, yake cajin waya. Shi da yaron motarsa sun san abin da bidiyon ba ya nunawa: zama a mota aiki ne na kullum, kuma yawancinsa lissafi ne na wuta, ruwa da zafi.

Ba duka ne don nishaɗi ba

Ko a Amurka, ba kowa ne ya zaɓi wannan rayuwa da son ransa ba. Fim ɗin Nomadland, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2021, an gina shi ne kan littafin da 'yar jarida Jessica Bruder ta fitar a 2017, game da dattawan da tsadar haya da rashin aiki suka kora zuwa cikin motoci.

A yankinmu kuwa, misalin da ya fi yin fice shi ne na Pelumi Nubi. Ta taso daga Landan a watan Janairun 2024 cikin ƙaramar mota ƙirar Peugeot 107 da ta gyara ta sa mata wurin kwana, ta iso Legas ranar 7 ga Afrilu, bayan ta yi hatsari a Kwaddibuwa. Sama da wata biyu ke nan a hanya, kuma kowace rana sai an nemi inda za a kwana, inda za a yi wanka da inda za a yi caji.

Wuta: ka fara da alƙalami kafin ka sayi komai

Ana auna wutar da na'ura ke ci da wat, idan aka ninka da yawan awannin aiki sai a samu wat-awa, wato Wh. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar kusan 19Wh. Ga misalin abin da mutum ɗaya zai iya sha a rana:

- Cajin waya biyu: kusan 40Wh
- Fanka mai wat 20 na tsawon awa 8: 160Wh
- Ƙwan LED biyu masu wat 5 na awa 5: 50Wh
- Cajin kwamfutar cinya: kusan 100Wh
- Ƙaramin firjin mota mai 12V: kusan 450Wh, ya kan fi haka lokacin zafi

Jimilla 800Wh ke nan. Yanzu dubi abin da kake da shi. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da 1,200Wh a rubuce, amma idan na dalma ne irin wanda muka saba, rabi kawai ya kamata ka sha, wato 600Wh, in ba haka ba zai mutu da wuri. Batirin lithium nau'in LiFePO4 yana barin ka sha kashi 80 cikin 100 ko fiye, ga shi bai kai na dalma nauyi ba, sai dai ya fi tsada.

Farantin sola mai wat 200, idan ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, zai ba da 1,000Wh a lissafi. Cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi da wayoyin wuta da na'urar daidaita caji, saura 750Wh. Ka ga firjin nan shi kaɗai ya sa ka shiga bashi. Idan ka cire shi, buƙatarka ta dawo 350Wh, har ka samu rara.

Abubuwan da ke dumama ko sanyaya su ne manyan maciya wuta. Butar lantarki mai wat 1,500 za ta ja sama da amp 120 daga batir mai 12V ta hanyar inbata, abin da zai iya ƙona siririyar waya. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki kuwa za ta kwashe 600Wh ɗin nan cikin ƙasa da awa ɗaya. Shi ya sa masu zama a mota ke girki da gas.

Abu biyu da ba a wasa da su. Na farko, kada ka haɗa kayanka da batirin tayar da mota, domin fanka za ta iya cinye shi cikin dare ka wayi gari mota ta ƙi tashi; batir na daban ake sa wa. Na biyu, manyan motoci da yawa 24V suke amfani da shi, don haka ka karanta jikin cajar kafin ka soka, ka tabbata an rubuta 12V zuwa 24V.

Ruwa ya fi data saurin ƙarewa

Ƙungiyoyin agaji na ɗaukar lita 15 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata na sha, girki da tsafta. Jarka mai lita 25 ba za ta kai ka kwana biyu ba ke nan, kuma kowace jarka kilo 25 ce da ka ƙara wa mota, ga alwala sau biyar, ga wanke kwano.

Direbobinmu sun warware wannan tun da daɗewa. Suna ɗaure jarka a gefen mota, buta na rataye, wanka da bayan gida kuma sai a gidan wanka na tasha, abinci wajen mai shayi ko mai tuwo. Motar Bature tana da tankin ruwa mai tsafta, da na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida, kuma sai ya nemi wurin da aka tanada ya zubar da su duk bayan 'yan kwanaki. Wannan shi ne aikin da aka fi ƙi, kuma ba kasafai ake sa shi a bidiyo ba.

Zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da hakan ba. Barin waya ko fawa bank a gaban gilashi da rana yana rage wa batir kwana, wani lokaci har ya kumbura. Ka ajiye su ƙarƙashin kujera, ka yi caji da safe ko da dare.

Da hunturu kuma ƙura ce ke rufe farantin sola ta rage wutar da yake bayarwa, don haka goge shi da tsumma ya zama aikin kowace safiya.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Gawayi, risho, janareta ko injin da aka bari yana aiki duk suna fitar da ita, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Kada a yi girki a rufaffiyar mota, kada a kwana da inji a kunne. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji iskar, kuma ita ya kamata ta zo kafin firji a jerin sayayya.

Sabis da wurin kwana

Ba ko'ina ake samun sabis a kan hanya ba, don haka layi biyu na kamfanoni daban, kamar MTN da Airtel, sun fi ɗaya. Sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gari domin ta yi aiki ba tare da data ba, ka kuma riƙe ɗan tsabar kuɗi saboda ranar da POS zai ƙi. Starlink ya fara aiki a Najeriya tun Janairun 2023, amma na'urarsa wani macin wuta ne da sai ka sa shi a lissafi.

Sai kuma batun da babu manhajar da ke warware shi. Ƙasar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, ta sha fama da 'yan bindiga, don haka tsayawa a daji shi kaɗai kamar yadda ake yi a bidiyo ba abin kwaikwayo ba ne a nan. Direbobi na kwana ne a tasha ko inda 'yan uwansu suka taru, su isa kafin magariba. Idan za ka yi doguwar tafiya, ka kunna raba wurin da kake a WhatsApp ga wani na gida, ka kuma tambayi 'yan tasha halin hanya kafin ka tashi.

Ko ba ka da niyyar kwana a mota, lissafin nan zai yi maka aiki a ɗakinka na Rikoto ranar da aka ɗauke wuta. Rubuta kayanka, ninka wat da awanni, sannan ka je wajen mai sayar da sola da adadin a hannunka.