Dalilan Faɗuwar Bireka Yayin Ɗumama Ruwan Wanka da Lantarki

A Ƙofa da sauran garuruwan Kankiya da Kusada, inda wuta ke zuwa daga kamfanin KEDCO mai rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, buƙatar ruwan zafi takan ƙaru daga Disamba zuwa Fabrairu saboda sanyin hunturu, kuma a wannan lokaci ne matsalar faɗuwar bireka ta fi fitowa fili a gidajen da ke amfani da hita, ko ta bango mai tanki, ko shawa mai ɗumama ruwa nan take, ko kuma ƙarfen da ake tsomawa a bokiti. Bireka ita ce makunnin da ke cikin akwatin wuta na gida, wadda ke katse wuta da kanta idan ta ji haɗari, saboda haka faɗuwarta alama ce da ya kamata a bi diddiginta kafin a sake ɗaga ta.

Bireka iri biyu ce, kuma kowace tana da haɗarin da take tsarewa. Ta farko, wadda ma'aikatan wayarin ke kira MCB, tana kare waya daga nauyin da ya fi ƙarfinta, domin a cikinta akwai ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya yi zafi, da kuma maganaɗisu da ke fizge makunnin nan take idan wayoyi biyu suka haɗu. Ta biyu, wato RCD, ana gane ta da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta, kuma ita mutum take karewa, domin tana auna wutar da ta tafi da wadda ta dawo, ta katse idan bambancin ya kai miliampiya 30, wanda ke nuna cewa wuta na zurarewa ta jikin ƙarfe ko ruwa ko jikin mai wanka.

Lissafin nauyi ba shi da wuya, tunda ana raba wat ɗin na'ura da ƙarfin wutar gida, wanda a Najeriya bolt 230 ne, a sami ampiyar da take ja. Hita mai wat 1,500 tana jan ampiya 6.5, mai wat 3,000 kuma tana jan 13, wanda shi ne iyakar soket mai baki uku da aka gada daga tsarin Ingila. Shawa mai ɗumama ruwa nan take kuwa, wadda takan kai wat 8,500, tana jan kusan ampiya 37, don haka tana buƙatar layinta na daban da waya mai kaurin milimita 6 ko 10 murabba'i, gwargwadon nisa da yadda aka shimfiɗa ta, kuma ba ta zama a layi ɗaya da dutsen guga ko firji.

Lokacin da bireka ta faɗi yana bayyana dalili. Idan ta faɗi da zarar an kunna, to mafi yawanci wayoyi ne suka haɗu ko ruwa ya shiga wurin haɗi. Idan kuwa sai bayan mintuna kaɗan take faɗuwa, to nauyi ne ya yi yawa, ko kuma noti ya saki a bakin bireka har wurin yana ɗaukar zafi, abin da ake ganewa da ƙaurin roba ko baƙin tabo. Idan RCD ce ke faɗuwa sai ruwa ya fara zafi, zargi yakan koma kan ƙarfen da ke ɗumama ruwan, domin farin dattin da ruwa mai gishirin ƙasa ke bari a jikinsa yana sa shi zafi fiye da kima har ya tsage, tsagar kuma ta buɗe idan ya yi zafi.

Abin da mai gida zai iya yi shi ne ya kashe sauran kayan wuta, ya gwada hitar ita kaɗai, ya lura da birekar da ta faɗi da kuma lokacin, sa'an nan ya daina wanka da na'urar. Sauran aikin na ƙwararre ne, irin wanda hukumar NEMSA, da aka kafa da dokar 2015, ke ba takardar shaida, domin shi ke da na'urar auna ampiya da ta gwada lafiyar rufin waya da bolt 500, inda ake son sakamakon kada ya gaza megaom 1. Shi ne kuma zai duba sandar ƙarfen da aka kafa a ƙasa don shanye wutar da ta zurare, wadda aikinta kan ragu idan ƙasa ta bushe da rani.

Babban kuskuren da ake yi shi ne sauya bireka da wadda ta fi ta girma, ko haɗe bakinta da guntun waya, alhali ana zaɓar girman bireka ne bisa kaurin wayar da ke cikin bango. Idan aka sa mai ampiya 40 a kan waya mai kaurin milimita 2.5 murabba'i, faɗuwa za ta daina, amma wayar za ta ci gaba da zafi har robarta ta narke, a lokacin da busasshiyar iskar hunturu ke saurin ruruta gobara. Saboda haka gyaran da ya dace shi ne a sauya ƙarfen da ya tsage, a ɗaure notin da ya saki, ko a ja wa hitar layinta da waya daidai nauyinta, kuma ba a sauya birekar kanta sai gwaji ya tabbatar da cewa ita ce ta lalace.