Jirgin Aro Ya Fashe: Yaya Za A Yi Da Abota?

Ya kai mai karatu, ka taɓa aron kayan abokinka, suka lalace a hannunka? Ko kuwa kai ne ka ba da aron, aka maido maka da abinka a lalace? To, karatunmu na yau a kan wannan yake.

A ƙasar Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, akwai tabkuna da fadamu da yawa, musamman a kwarin Korama. A nan ake noman rake da kayan lambu, a nan kuma ake su. Tabkin Lasuri yana cikin sanannunsu. A shekara ta 2005 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa. Wasu gora suke hawa su shiga ruwa. Wasu suna da ɗan jirgin katako, wato kwale-kwale. Jirgi kuwa ba kowa ke da shi ba, don katako da ƙusa da ladan kafinta suna cin kuɗi. Shi ya sa ake aro.

A ce abokinka ya ara maka jirginsa na kwana biyu. Ka shiga ruwa, jirgin ya daki kututture. Katako biyu suka tsage, ruwa ya cika shi. Kai dai ka tsira, alhamdu lillahi. Amma ka tuna, jirgin nan shi ne gonar abokinka. Da shi yake ci da iyalinsa. Yanzu abu biyu ke cikin haɗari: jirgi da abota. Jirgi kafinta zai gyara. Abota kuwa ku biyu kaɗai za ku iya gyara ta.

Ka je da ƙafarka

Abu na farko, ka je wurinsa ranar nan. Kada ka aiki yaro. Kada ka bari ya ji a bakin tabki ko a kasuwa. In ya ji daga bakin wani, zai ce ɓoye masa ka yi.

In ka je, bayan gaisuwa, ka faɗi abin yadda ya faru. Ka ce: "Abokina, na zo maka da labari marar daɗi. Jirginka ya fashe a hannuna. Taso mu je ka gani." Kada ka fara da cewa ai dama jirgin ya tsufa. Kada ka liƙe tsagar da kwalta ka maido shi shiru. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma jirgi mai ɓoyayyen rauni yana iya nutsewa da mai shi a tsakiyar ruwa.

In ya yi fushi, ka yi haƙuri. Yana da gaskiyarsa. Kada ka maida masa magana.

A gano abin da ya jawo ɓarnar

In zuciya ta huce, sai ku zauna ku duba. Ɓarna iri uku ce.

Ta ɗaya, sakaci ko wuce iyaka. An ara maka don su, kai kuma ka loda masa rake har ya fi ƙarfinsa. Ko an ce kwana biyu, ka yi biyar. Ko ka miƙa shi ga wani ba da sanin mai shi ba. A nan biya ya hau kanka.

Ta biyu, tsautsayi. Ka ɗaure shi da kyau, iska mai ƙarfi ta zo da dare ta maka shi da itace. Wannan ba laifinka ba ne.

Ta uku, tsufa. Katakon ya riga ya ruɓe, ranarsa ce ta zo a hannunka.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan bambanci. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, an raba kayan aro kashi biyu. Akwai abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa. In ya salwanta, mai aro ke biya. Akwai kuma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba. Wannan mai aro ba ya biya, sai in ya wuce iyaka. Jirgi kuwa ba abin sa wa aljihu ba ne. Dokar ƙasa ma kusan haka ta ce: mai aro ya kula da kaya sosai, ya yi aikin da aka ara masa don shi kaɗai. In kayan sun gaji ta wurin wannan aikin, ba da laifinsa ba, ba a bin shi.

Amma ka ji wannan da kyau. Ko shari'a ta wanke ka, abokinka ya yi asara don ya taimake ka. Mutumin kirki ba ya karkaɗe riga ya tafi. Ka sa hannu a gyaran gwargwadon ƙarfinka.

A ƙiyasta, a rubuta

Kada ku biyu ku yanke kuɗin da ka. Ku kira kafinta ya duba. Ku kira sarkin ruwa ko wani dattijon masunci ya zama shaida. Sa'an nan a yi lissafi.

Ga misali. Kafinta ya ce gyara zai ci jika 30. Laifin naka ne, ka yarda. Ba ka da kuɗin duka yanzu. Sai ka ba da jika 10 nan take. Saura jika 20. Ka riƙa ba da jika 5 kowace ranar kasuwa. Cikin mako 4 ka gama.

Kada ka manta da kwanakin da abokinka zai yi bai shiga ruwa ba. Ka ara masa gorarka ko komarka. In ka kamo kifi, ka kai gidansa. Ka taya kafinta aiki don a gama da wuri.

Yanzu da ka iya rubutu, ga ranar amfaninsa. Ɗauki takarda ka rubuta:

"Ni Wane ɗan Wane, na yarda zan biya jika 30 na gyaran jirgin Wane. Na ba da jika 10 yau. Zan riƙa ba da jika 5 kowane mako."

A sa kwanan wata. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Wani zai ce: "Haba, takarda tsakanin abokai?" I mana. Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi. Ita za ta hana ku musu gobe.

Kai kuma mai jirgi

In kai ne mai jirgin, fara da tambayar lafiyar abokinka. Ka ce: "Kai dai ba ka ji ciwo ba ko?" Kada ka ci mutuncinsa gaban jama'a. Kada ka nemi sabon jirgi a madadin tsoho. Kada kuma ka ce "ba komai" alhali akwai komai a zuciyarka. Wannan kunyar ita ke kashe abota sannu a hankali. In kana son a biya, ka faɗa. In ka yafe, to ka yafe har zuci, kada ka riƙa gori.

In an kasa shiryawa

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In kun kasa daidaitawa, ku je wurin limami ko mai gari. Dokar sarakunan gargajiya ta Nijar, ta shekara ta 2015, ta ba su ikon sulhunta mutane a irin wannan rigima. In ta gagari mai gari, sai a kai wa sarki. In an shirya, ana rubuta takardar sulhu. Gidan shari'a shi ne na ƙarshe. Can ana iya ba ka kuɗinka, amma da wuya ka dawo da abokinka.

Bayan an gama biya, kada ka ɗauke ƙafa daga gidansa don kunya. Zumunta a ƙafa take. Ranar da aka maida jirgin ruwa, ka je ka taya shi turawa. In kuma za ku sake aro, ku duba jirgin tare tun a bakin ruwa. Ku faɗi aikin da za a yi da shi, da ranar maidowa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai aro zai kai labarin ɓarna da kansa?
2. Faɗi iri uku na ɓarna.
3. Ana bin ka jika 24, kana biyan jika 4 kowane mako. Mako nawa za ka yi?
4. Rubuta takardar aro taka, ka karanta wa ƴan aji.